Victor "Young" Perez, ɗan damben Tunisiya da ya ci kambun duniya: tambayoyi da amsoshi

Yawancin waɗanda suka san sunan Victor Perez ta ƙarshen rayuwarsa suka san shi: zakaran damben duniya da 'yan Nazi suka harbe a kan hanya cikin Janairun 1945. Labarin gaskiya ne, kuma za mu zo kansa. Sai dai kafin 'yan Nazi su zana masa lambar fursuna a hannu, mutumin nan ya shafe sama da shekara 10 yana cin abinci da dambe, ya shiga fage fiye da sau 130, ya kuma riƙe kambun duniya yana ɗan shekara 20. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi karkata ga waɗannan shekarun, domin su ne aikin da ya zaɓa wa kansa.

Wane ne Young Perez, kuma daga ina ya fito?

An haife shi ranar 18 ga Oktoba, 1911, a birnin Tunis. Cikakken sunansa Messaoud Hai Victor Perez. Bayahude ne, ɗan unguwar Hara, tsohuwar unguwar Yahudawa da ke cikin tsohon gari. Mahaifinsa ƙaramin ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan amfanin gida, kuma gidan ba na masu hali ba ne. A lokacin Tunisiya tana hannun Faransa tun 1881. Sarkin ƙasar, wanda ake kira Bey, yana nan a kan gado, amma wuƙa da nama suna hannun wakilin Faransa.

Hara unguwar talakawa ce mai matsattsun lunguna da gidaje a cunkushe. Duk Bayahuden da ya samu abin hannu yakan tashi ya koma sababbin unguwannin da Turawa suka gina, a bar masu ƙaramin ƙarfi a ciki. Larabci ake yi a lungu da kasuwa, Faransanci kuwa sai a makaranta da ofis. A nan Perez ya tashi. Laƙabin "Young" kuwa yayin zamanin ne, lokacin da 'yan dambe ke ɗaukar sunaye irin na Amurkawa. Yayansa Benjamin ma da "Kid" Perez aka san shi.

Ta yaya ya fara dambe?

Ta hannun yayan nasa. Benjamin ɗan dambe ne da ya kai ga riƙe kambun Arewacin Afirka a ajinsu, shi ne kuma ƙanen ya riƙa bi zuwa wurin atisaye. Yana da kimanin shekara 14 ya shiga ƙungiyar wasanni ta Maccabi da ke Tunis.

Gwarzonsa tun yana yaro shi ne Battling Siki, ɗan Saint-Louis ta Senegal, wanda ya kwantar da Bafaranshe Georges Carpentier a Paris a turmi na 6 ranar 24 ga Satumba, 1922, ya ƙwace masa kambun duniya a gaban 'yan ƙasarsa. Perez bai cika shekara 11 ba a lokacin. Ba wuya a gane abin da wannan labari ya yi a zukatan yaran ƙasashen da Faransa ke mulka: ɗan Afirka ya je har Paris ya kayar da ɗan lelen Faransawa. A 1928 Perez ya fara damben kuɗi a Tunis, yana ɗan shekara 16.

A wane aji yake dambe?

A ajin da ya fi kowane rashin nauyi a lokacin, wanda iyakarsa kilo 50.8 ce. Tsawonsa kimanin mita 1.55 ne, nauyinsa kuwa bai wuce buhun siminti ba.

Kada ƙanƙantar jikin ta sa a raina ajin. A zamanin Perez azuzuwan nauyi 8 ne kacal a damben duniya, yau kuwa sun kai 17. Ke nan duk wani ƙaramin ɗan dambe na duniya a aji ɗaya yake neman kambu, ba kamar yanzu da aka raba ƙananan gida-gida ba. Wasan kambu turmi 15 ne na minti uku-uku (sai a shekarun 1980 aka rage zuwa 12), kuma a ranar wasan ake awon nauyi. Wanda ya yi kwanaki yana ƙin ci da sha don ya sauko kilo 50.8, sa'o'i kaɗan yake da su ya farfaɗo kafin a kaɗa ƙararrawa.

Me ya kai shi Paris?

Dambe a Tunis ba ya riƙe mutum. Kuɗin da masu kallo da jaridu duk suna Paris, wadda a wancan lokaci ita ce babbar kasuwar dambe a nahiyar Turai. Yana da kimanin shekara 17 ya tsallaka teku, ya shiga hannun wani manaja mai suna Léon Bellières. Ya fara daga ƙasa, a ƙananan zauruka inda ake biyan sabon ɗan dambe abin da zai biya haya ya ci abinci, a sake kiransa bayan mako biyu ko uku.

Wannan yawan hawa fage shi ne makarantarsa. Cikin shekara uku ya tara wasanni masu yawa, ya san yadda ake cinye turmi 10 ba tare da numfashi ya ƙare ba. Ranar 4 ga Yuni, 1931, ya doke Valentin Angelmann da maki a turmi 15, ya zama zakaran Faransa. Angelmann ba kanwar lasa ba ne, domin shi ma daga baya hukumar dambe ta Turai ta amince da shi a matsayin zakaran duniya a 1936. Wannan nasara ce ta buɗe wa Perez ƙofar babban wasa.

Yaya aka yi ya ci kambun duniya?

Mai riƙe da kambun shi ne Frankie Genaro, Ba'amurke ɗan New York mai tsatson Italiya. Genaro tsohon hannu ne. Ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Antwerp a 1920, lokacin Perez yana ɗan shekara 8. Ya ɗauki kambun duniya a 1928, ya rasa shi na 'yan makonni a 1929 a hannun Émile Pladner na Faransa, ya karɓe abinsa, ya ci gaba da kare shi a ƙasashe daban-daban.

An haɗa su ranar 26 ga Oktoba, 1931, a zauren Palais des Sports na Paris, wanda wani Ba'amurke mai shirya wasanni, Jeff Dickson, ya gyara a wannan shekarar. An shirya turmi 15, amma wasan bai wuce na 2 ba. Perez ya kai Genaro ƙasa, alƙali ya ƙirga har goma bai tashi ba. Kwana 8 ke nan da cikar Perez shekara 20.

Adalci shi ne a faɗi cewa Genaro ya kai shekara 30, kuma a ajin ƙananan nan, inda komai ya dogara da zafin nama, shekara 30 tsufa ne. Amma fa ba a saba ganin an kwantar da Genaro ba, Perez kuma ba a san shi da naushi mai kisa ba. Abin da ya sa daren ya girgiza masu kallo ke nan. Yaron da aka zata zai yi ta zagaye yana tara maki, in ma ya yi sa'a, shi ne ya gama aiki cikin minti shida.

Kambun na duniya ne da gaske, ko na wata hukuma ce kawai?

Tambaya ce mai kyau, domin rabuwar kambu ba yau ta fara ba. Hukumomi biyu ne suka amince da Perez: NBA ta Amurka, wadda aka kafa a 1921 kuma ta koma WBA a 1962, da IBU ta Turai mai mazauni a Paris. Hukumar wasanni ta jihar New York kuwa wani daban ta riƙe a matsayin zakara, Midget Wolgast. An taɓa haɗa Genaro da Wolgast a Disambar 1930 don a raba gardama, aka tashi canjaras, kowa ya koma da nasa.

Saboda haka Perez bai haɗe dukkan kambunan ba, kuma bai taɓa karawa da Wolgast a kan haka ba. Amma ya karɓi nasa a fage, daga hannun mutumin da yawancin duniyar dambe ke kallo a matsayin zakara. Babu littafin tarihin dambe na kirki da ke tsallake sunansa a jerin zakarun ajin.

Gaskiya ne shi ne zakaran duniya mafi ƙarancin shekaru a tarihi?

A'a, ko da yake ana yawan rubuta haka. Tun kafin shi Tony Canzoneri na Amurka ya ci kambun duniya a 1928 yana ɗan shekara 19. Bayansa kuma Wilfred Benítez na Puerto Rico ya ci a 1976 yana da shekara 17, kuma har yau ba a karya wannan ba. Abin da Faransawa ke nufi shi ne a cikin zakarun da suke lissafawa a matsayin nasu, shi ne ya ci da ƙuruciya fiye da kowa. Bajintar Perez ba ta bukatar ƙarin gishiri.

To shi ne ɗan Afirka na farko?

Siki ya riga shi da shekara 9. Perez shi ne na farko daga Arewacin Afirka. Bayansa ne aka samu Marcel Cerdan a 1948, da Robert Cohen a 1954, da Alphonse Halimi a 1957, dukkansu haihuwar Aljeriya. A wannan shekara ta 1957 ce kuma Hogan Bassey ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun duniya, shi ma a Paris, inda ya doke Cherif Hamia ɗan Aljeriya.

Yaya mutanen Tunis suka karɓi labarin?

Da ya koma gida, dubun dubatar mutane ne suka fito tarbarsa, Musulmi da Yahudawa da Kiristoci. Bey ya ba shi lambar girma ta Nichan Iftikhar. Ga garin da ke ƙarƙashin mulkin wasu, wanda aka saba nuna wa 'ya'yansa cewa na baya ne su a komai, ganin ɗan lungun Hara ya dawo da kambun duniya ba ƙaramin abu ba ne. A ranar ba wanda ya tsaya tambayar inda yake ibada. Ɗan gari ne ya ciwo.

Me ya sa kambun bai daɗe a hannunsa ba?

Shekara ɗaya da kwana 5 ya yi da shi. Ranar 31 ga Oktoba, 1932, ya je Manchester ya kara da Jackie Brown, zakaran Birtaniya da Turai, a filin Belle Vue, a gaban mutanen garin Brown. Aka tsayar da wasan a turmi na 13, kambu ya koma Ingila. Alamar ta riga ta bayyana tun a watan Satumba, lokacin da Mickey McGuire ya kwantar da shi a turmi na 2 a Newcastle, a wasan da ba na kambu ba.

Bayanin da aka fi ji shi ne daɗin Paris ne ya ɗauke masa hankali. Yaro ne da ya tashi cikin babu, dare ɗaya ya samu kuɗi da suna, ya shiga yawon dare da manyan gari, ya kuma faɗa soyayya da Mireille Balin, wadda ta zama fitacciyar 'yar fim a Faransa. Akwai gaskiya a ciki, atisaye ya yi rauni. Amma ni ban yarda a tattara laifin duka a ɗora wa mace ɗaya ba, kamar yadda masu ba da labarin suka saba. Akwai dalilin da ya fi wannan sauƙin gani: jikin ɗan shekara 20 bai gama cika ba. Nauyin da Perez ke kaiwa cikin sauƙi yana da shekara 18 ya zama azaba yana da 21, shi ya sa da rasa kambun ya haura aji na gaba. Ga kuma yawan wasa. Zakaran yau yakan yi wata shida yana shirin wasa ɗaya, shi kuwa yana riƙe da kambu yana yawon ƙananan wasanni daga wannan gari zuwa wancan, saboda a nan kuɗin yake.

Sannan kada a manta da abokin karawar. Jackie Brown gwani ne, ya riƙe kambun har 1935 kafin Benny Lynch na Scotland ya karɓe.

Ya sake neman kambun duniya bayan haka?

Ya nema, a ajin kilo 53.5, sai dai ya tarar da ɗaya daga cikin manyan gwanayen da aka taɓa yi a ajin. Panama Al Brown, baƙar fata ɗan ƙasar Panama, shi ne mutum na farko daga Latin Amurka da ya ci kambun duniya. Siriri ne dogo, ya fi Perez tsawo da kimanin santimita 20 ko fiye, hannuwansa kuma dogaye ƙwarai. Gajeren ɗan dambe ba shi da zaɓi a gaban irin wannan: dole ya kutsa ciki, kuma kafin ya isa ya sha naushi biyu ko uku.

Sun kara ranar 19 ga Fabrairu, 1934, a Paris. Perez ya jure turmi 15 cif, aka ba Brown da maki. A ganina wannan rashin nasara tana cikin abubuwan da suka fi nuna ko wane ne shi, domin ta zo ne bayan mutane sun fara cewa ya ƙare. Aka sake haɗa su ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara, a Tunis, a gaban mutanen da suka tarbe shi shekara uku da suka wuce. Brown ya kwantar da shi a turmi na 10. Daga nan bai ƙara samun wasan kambun duniya ba.

Me alƙaluman wasanninsa ke cewa game da salonsa?

Tsakanin 1928 da ƙarshen 1938 ya yi wasanni sama da 130. Ya ci kimanin 90, aka yi canjaras a 15, sauran ya sha kashi, kuma yawancin shan kashin a shekarun ƙarshe ne. A cikin nasarorin, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne ya ci da bugun kwaf ɗaya. Wannan na nuna ɗan damben da ke cin wasa da sauri da ƙafa da yawan naushi, mai shiga ya fita kafin a mayar masa.

A raba 130 da shekara 11, za a ga kusan wasa ɗaya ne kowane wata, babu hutu. Floyd Mayweather wasa 50 ya yi cikin shekara 21. Ba ana nufin na da sun fi na yanzu ba ne. Ana nufin jikin Perez ya biya farashin da ba a neman ɗan damben yau ya biya, shi ya sa yana ɗan shekara 27 ya riga ya zama tsohon ɗan dambe, wanda ake gayyata don sunansa ya ƙawata takardar wani matashi mai tasowa.

Da gaske ne ya je Berlin ya yi dambe a zamanin Hitler?

Da gaske ne. Ranar 11 ga Nuwamba, 1938, ya kara da Ernst Weiss ɗan Vienna a zauren Deutschlandhalle, aka ba Weiss da maki. Abin da ya sa ake tuna wasan shi ne ranar da ya faɗo. A daren 9 zuwa 10 ga watan ne 'yan Nazi suka bi Yahudawan Jamus da Ostiriya suna ƙona wuraren ibadarsu, suna farfasa shagunansu, suka kwashi maza kusan 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale. Ko gilasan da aka farfasa ba a gama sharewa ba Bayahude ɗan Tunis ya hau fage a babban birnin ƙasar.

Wasu na ɗaukar tafiyar a matsayin jarunta, wasu ganganci. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne mutum ne da sana'arsa ta zo ƙarshe, kuɗin da ya tara sun tafi, aka yi masa tayin wasa mai tsoka ya karɓa. Bayan wata guda ya yi wasansa na ƙarshe a Paris, ya ajiye safar hannu.

Yaya aka yi ya faɗa hannun 'yan Nazi?

Yana Paris lokacin da Jamus ta mamaye Faransa a 1940. A Oktoban wannan shekara gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, ta kafa dokar ware Yahudawa, daga Yunin 1942 kuma aka tilasta wa na yankin da Jamus ke riƙe da shi su liƙa tauraro mai ruwan ɗorawa a riga. A ranakun 16 da 17 ga Yuli, 1942, 'yan sandan Faransa suka kama Yahudawa sama da 13,000 a Paris, suka tsare dubbai daga cikinsu, har da yara ƙanana, a filin tseren keke na Vélodrome d'Hiver. Wannan gini shi ne Palais des Sports, inda Perez ya ci kambun duniya shekara 11 da suka wuce.

Shi sai a 1943 aka kama shi, bayan wani ya kai tseguminsa. Aka kai shi sansanin Drancy da ke wajen Paris. Ranar 7 ga Oktoba, 1943, aka sa shi a jirgin ƙasa na ayari mai lamba 60, mai ɗauke da mutum 1,000, zuwa Auschwitz a ƙasar Poland. Kusan rabinsu aka kashe da iskar gas da isarsu. Perez yana cikin waɗanda aka ware don aikin bauta, aka zana masa lamba 157178, aka tura shi Monowitz, reshen sansanin da ke samar da leburori ga masana'antar roba ta kamfanin IG Farben.

Gida ma ba ta tsira ba a lokacin. Sojojin Jamus sun riƙe Tunisiya daga Nuwamban 1942 zuwa Mayun 1943, suka sa Yahudawa kusan 5,000 aikin dole.

An ce ya yi dambe a cikin sansanin. Haka ne?

Haka ne, kuma waɗanda suka tsira sun ba da shaida. Kwamandan Monowitz, Heinrich Schwarz, mai son dambe ne, sai ya sa aka tara fursunonin da suka iya, ana haɗa su wasa don nishaɗin dakarun SS, 'yan Nazin da ke gadin sansanin. Ladan ɗan dambe ƙarin miya ne da aikin da bai kai na sauran kisa ba. An sa Perez a ɗakin girki, kuma shaidu irin su Noah Klieger, wanda ya tsira ya zama ɗan jarida, sun faɗi yadda yake fitar da miya yana raba wa 'yan uwansa fursunoni. Sun kuma ba da labarin wasan da aka haɗa shi da wani Bajamushe da ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani adadi da ke yawo a intanet, wai ya yi wasa 140 a sansanin ya ci 139. Kada a ɗauke shi. Wata 15 ya yi a wurin, ke nan sai ya riƙa dambe duk bayan kwana uku, da cikin da ba ya ƙoshi, a wurin da ƙato ke ramewa ya mutu cikin 'yan watanni. Kuma bai kamata a lissafa waɗannan wasanni cikin tarihin sana'arsa ba ko da guda nawa ne. Damben da aka sa mutum da bindiga a kansa wani nau'in azaba ne. Shi kuwa Schwarz, kotun sojan Faransa ta yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a 1947.

Yaya ya mutu?

Da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, 'yan Nazi suka kwashe fursunonin Auschwitz kusan 60,000 suka tasa su a ƙafa zuwa yamma, cikin tsananin sanyi da ƙanƙara. Na Monowitz sun tashi ranar 18 ga Janairu, 1945, suka nufi Gleiwitz, tafiyar kilomita 50 da wani abu. Duk wanda ya gaza ko ya fita daga layi harbe shi ake yi. A Gleiwitz wani mai gadi ya harbe Perez. Waɗanda ke wurin sun ce buhun burodi ne a hannunsa, ya samo zai kai wa abokan tafiyarsa. Shekararsa 33. Ba a yi mako guda ba sojojin Sobiyet suka shiga Auschwitz, ranar 27 ga Janairu.

Ɗan Tunisiya za a kira shi ko Bafaranshe?

Littattafan Faransa suna sa shi a jerin zakarunsu, tun da ya riƙe kambun Faransa kuma a Paris ya yi yawancin wasanninsa. Amma Yahudawan Tunisiya ba kamar na Aljeriya ba ne, waɗanda dokar 1870 ta mayar 'yan ƙasar Faransa gaba ɗaya. Na Tunisiya akasarinsu talakawan Bey ne. A Tunis aka haifi Perez, a can ya koyi dambe, a can ya fara cin kuɗinsa, can kuma ya kai kambun da ya ciwo. Ɗan Tunisiya ne da ya yi sana'a a Faransa, kamar yadda dubban 'yan wasan Afirka ke yi har gobe.

Me ya sa ba a cika jin sunansa ba?

Mutanen da za su riƙe labarinsa sun watse. A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100,000. Bayan samun 'yancin kai a 1956, da rikicin Bizerte na 1961 tsakanin Tunisiya da Faransa, da yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, akasarinsu suka yi ƙaura zuwa Faransa da Isra'ila. Yau ba su kai 2,000 ba, mafi yawansu a tsibirin Djerba. Unguwar Hara kanta an rushe ta. Ga shi kuma ajin ƙananan 'yan dambe ba ya samun hasken da masu nauyi ke samu, ko a da ko a yanzu.

Sunan ya fara dawowa a hankali. A 1986 aka sa shi a zauren tunawa da gwarazan wasanni Yahudawa na duniya. A 2013 aka yi fim a kan rayuwarsa a Faransa, kuma wanda ya fito a matsayinsa ɗan dambe ne na gaske, Brahim Asloum, ɗan asalin Aljeriya da ya ci wa Faransa zinare a Olamfik ta Sydney a 2000, daga baya ya riƙe kambun WBA. Mai kallon fim ɗin ya tuna cewa fim ne, an ƙara wasu abubuwa an rage wasu.

Tunisiya ta sake samun zakaran duniya bayansa?

Ta samu, amma sai da aka jira shekara 57, sannan biyu suka zo a shekara ɗaya. A Maris ɗin 1989 Taoufik Belbouli, ɗan asalin Tunisiya mazaunin Faransa, ya doke Michael Greer na Amurka a turmi na 8 a Casablanca ta Maroko, ya ɗauki kambun WBA na ajin da ke ƙasa da na masu nauyi. Ranar 9 ga Disamba na wannan shekara kuma Kamel Bou Ali, wanda ya yi yawancin sana'arsa a Italiya, ya kwantar da Antonio Rivera na Puerto Rico a garin Teramo, shi ma a turmi na 8, ya ci kambun wata hukumar damben, WBO, na ajin kilo 59. Bou Ali ya riƙe nasa har Maris ɗin 1992, lokacin da Daniel Londas na Faransa ya karɓe. A damben Olamfik kuwa ƙasar tana da tagulla biyu: ta Habib Galhia a Tokyo a 1964, da ta Fathi Missaoui a Atlanta a 1996.